Ƙwaryar da Ban Mayar Ba

A gidanmu a Bebeji ba a mayar wa mutum kwanonsa wayam. Idan maƙwabciya ta aiko da ɗanwake, sai an wanke kwanon an goge, a jefa wani abu a ciki, ko ƙullin daddawa ne ko goro biyu, sannan a rufe a mayar. Ina 'yar shekara tara na taɓa mayar da wata langa haka nan, don ina saurin zuwa gaɗa. Mahaifiyata ta murɗe min kunne har na zaci ya cire. Ba ta yi min dogon bayani ba, cewa kawai ta yi na tona mata asiri a unguwa. Da wannan kunnen na girma, da shi na yi makarantar horon malamai, da shi kuma na tafi Burumburum.

Mijina malamin gona ne. Can aka tura shi, ni kuma aka ba ni aji uku a firamaren garin. Muka kama hayar ɗaki da rumfa a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse. Matan garin ba su ƙi ni ba, sai dai ba su san inda za su ajiye ni ba. Mace ce mai fita da safe da jaka da takalmi, mai ɗaukar albashi. In na shiga gidan suna sai hira ta tsaya, a shimfiɗa min tabarma ni kaɗai, a kawo min cokali alhali kowa da hannu yake ci. Ni ma, in za a faɗi gaskiya, ba ni da sauƙi. Ina da ɗaga kai, kuma bakina ba ya kwana da magana.

Bakin nan ne ma ya haɗa ni da Goggo. Wata Bafulatana ce doguwa, ta manyanta, daga wata ruga da ke yamma da gari, inda suke kiwo suna kuma noman dawa a bayan bukkokinsu. Ranar kasuwa takan biyo ta ƙofar gidanmu da babbar ƙwaryar nono a ka. Ranar farko da na kira ta, na ɗanɗana, na ce mata wannan ai ruwan rijiya ne aka nuna wa saniya daga nesa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce Malama ta san boko amma ba ta san nono ba, ta ɗauki kayanta ta wuce. Na ɗauka shi ke nan mun rabu.

Da sati ya zagayo sai ga ta da sallama. A saman babbar ƙwaryar akwai wata ƙarama, an rufe ta da faifai mai zanen ja da baƙi. Ta sauke, ta ɗage faifan. Kindirmo ne mai kauri, da curin man shanu yana yawo a tsakiya. Na tashi zan ɗauko kuɗi, ta ce in zauna.

"Wannan ba na sayarwa ba ne," in ji ta. "Na koya wa bakinki ne."

Ta tafi da faifanta, don da shi take korar ƙuda a kasuwa, ta bar min ƙwaryar ta ce za ta biyo da la'asar. Tsohuwar ƙwarya ce, ta yi ja don shan mai, a gefe guda ta taɓa tsagewa an ɗinke ta da kyau. Na juye nonon, na wanke, na sa mata kwalin sukari a ciki. Da ta dawo na miƙa mata da hannu biyu. Ba ta leƙa ba. Idonta na kan 'yata da ke rarrafe, ta kifa faifan a kai kamar ba ta san da komai a ciki ba, ta ɗora a kan kayanta.

Haka muka kafa, kowace ranar kasuwa. Da safe ta ajiye ƙwarya ta tafi da faifai, da la'asar ta dawo ta rufe ta ɗauka. Wani satin sabulu, wani satin gishiri da ashana, wani satin mudun shinkafa. Ba ta taɓa dubawa a gabana ba, ni ma ban taɓa faɗin abin da na sa ba. Ina kiran ta Goggo, ita kuma Malama, in kuma ta so tsokana ko ta ga na yi shiru da yawa sai ta ce ɓingel am, wato 'yata da yarensu.

Ba nonon ne ya dame ni ba a lokacin, ina da abin saye. La'asar ɗin nake jira. Za ta sauke kaya, ta yi salla, ta miƙe ƙafa a tabarmata tana matsa gwiwa, ta sha ruwan randa, ta ɗauki 'yata ta ɗora a cinya. Sai ta hau ba ni labarin shanunsu ɗaya bayan ɗaya kamar labarin dangi: wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita, da wadda take satar shiga gonar mutane ta dawo tana sunkuyar da kai. Tana yi min dariyar yadda nake dama fura, wai kamar mai rubutu a allo. Ni kuma in ce mata Hausarta duk a karkace take. A duk sati, wannan awa ɗayar ce ake yi min magana ba a matsayin matar malamin gona ko malamar aji uku ba. Ta sha cewa in zo ruga in ga inda take, ni kuma kullum in ce sai an yi hutu.

Sai shekarar nan ta zo da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta gama ido ba. A rediyo kuma kullum maganar tsuke bakin aljihu ake yi. Aka rage ma'aikata, sunan mijina yana ciki. Ya zauna wata biyu a rumfa yana kallon bango, sannan ya bi motar shanu zuwa kudu neman abin yi, ya bar ni da yarinya da aikina. Albashin da aka ce in riƙe gida da shi ya koma kamar baƙo, ya zo wata ɗaya ya ɓace wata uku. Sukari da sabulu suka ɓuya, sai an je Tudun Wada an yi layi tun safe, wani lokaci a zo kanka a ce ya ƙare. Na daina zuwa Bebeji gaba ɗaya. Ba kuɗin mota ne kaɗai ya hana ni ba. 'Yar da aka sani da shiga gida da tsaraba niƙi-niƙi ba ta san yadda ake sallama hannu biyu ba komai ba.

Abin da nake sawa a ƙwarya ya dinga ƙanƙancewa. Daga sabulu guda zuwa rabi, in yanka shi da zare in goge bakin don kada a ga sabon yanka. Daga nan ashana. Daga nan ƙullin gishiri, in naɗe shi da takarda mai yawa don ya yi auki. Ita ma nata ya sauya. Bazara ta shigo, shanu sun rame, curin man da a da ya kai lemo ya koma kamar ƙwallon goruba, daga baya ya ɓace. Ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta komai.

Ga wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin. Na yaye 'yata, kuma nonon Goggo shi ne abin kirkin da take samu, in raba mata shi kwana biyu a kan kunu. Sanda ba na buƙatarsa da dariya nake karɓa. Da na fara buƙatarsa sai na tsani ganin ƙwaryar nan. In na ji sallamarta da safe sai daɗi da haushi su taso min tare, in rasa wanda zan haɗiye.

Ita kuma ta lura, sai ta fara yi min dabara. Yau ta ce nonon ya kwana, ba mai saye, in taimaka mata da shi. Wani satin ta ce kaya sun yi mata nauyi, in rage mata. Na san ƙarya take yi don ta sauƙaƙa min, kuma sauƙin nan ya fi komai ƙona min rai. Ranar da ta sake cewa ya kwana, alhali ga shi sabo yana ƙanshi, ban san sanda na ce mata, "Goggo, ni fa ban ce miki muna jin yunwa ba." Ta hau gyara gammo. Can ta tambaye ni ko haƙoran yarinya sun gama fitowa.

Satin da ya biyo baya ne na rasa abin sawa. Na dawo daga makaranta na wanke ƙwaryar, na kife ta ta bushe, na shiga lalube. Gwangwanin gishiri ya ƙare har na ɗauraye shi a miya. Ashana tsinke uku. Dawar da ta rage ta tuwon kwana biyu ce. Na buɗe akwati, zannuwan kirki duk dillaliya ta riga ta tafi da su, saura ɗankwali ɗaya da Goggo ta sha gani a kaina. Iya tana tsakar gida tana kaɗi, tana kallon shigata da fitata. Ta ce in miƙa wa baiwar Allah ƙwaryarta a wanke in yi mata godiya, ai ita ma a garin take, ta san halin da ake ciki. Na ce mata a gidanmu ba a yin haka. Ta ce to, ta ci gaba da murza mazarinta.

Da aka kira azahar na goya 'yata, na kulle ɗaki da ƙwaryar a ciki, na ce wa Iya in an zo a ce na fita unguwa. Na koma makaranta na zauna a ajina. Ba kowa sai awaki da suka shigo shan inuwa. Na zauna a bencin yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, ina jiyo hayaniyar kasuwa daga nesa, ina kallon jimlolin da na rubuta da safe a allo. Na ji kiran la'asar. Na san yanzu ta sauke kaya, yanzu tana tambaya, yanzu ta zauna jira. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yinin ba, kuma ni na kai kaina. Sai da rana ta yi ja na dawo. Iya ta ce ta zo, ta yi salla, ta sha ruwa, ta daɗe, ta ce a gaishe ni.

Na ce a raina sati mai zuwa zan haɗa mata na biyu. Sati ya zo ba abin da ya sauya, sai na fice tun kafin ta iso. Da na dawo na tarar da nono a kwanon Iya, an rufe da murfin tukunya. Wai Goggo ce ta ari kwanon ta zuba, ta ce na yarinya ne. Na gane nufinta sarai: ga nono, kuma ba abin da za a mayar. Maimakon in ji sanyi sai na ji kamar an mare ni. Na ba yarinya ta sha, don ba ni da zuciyar hana ta, amma da la'asar na sake komawa aji na zauna da awaki.

A sati na uku ba ta shigo ba. Na tambayi Iya da gatse ko Fulani sun yi fushi ne. Ta ce ba fushi ba ne, kunya ce. In ta sake shigowa zai zama kamar ta zo bin ƙwaryarta, ko bin abin da ke ciki, kuma irin su gara su rasa ƙwarya goma da a ce sun yi haka. Ta ce ni ce zan je. Na ce zan je in na shirya, kuma kada ta ƙara yi min maganar.

Shirin ne ya ƙi ƙarewa, don kowane sati ya wuce sai abin da ya kamata in sa ya ƙara girma a idona. Ƙullin gishiri zai iya tare sati ɗaya, amma ba zai tare wata guda ba. Ana cikin haka mahaifiyata ta aiko min da ɗan buhun dawa ta hannun wani direba, da saƙon wai ta fara ƙwari, a taimaka a cinye. Na buɗe, ko ƙwaro ɗaya babu. Na yi dariya, sannan na yi kuka, don na ga duk tsofaffin duniya ƙarya ɗaya suka iya. Na auna mudu na zuba a ƙwaryar Goggo, na tsaya ina kallo. Dawa, ga mutanen da suke noma dawa, bayan sati shida. Na ga ta yi min kaɗan, na ga kamar zan je ne in nuna mata iyakata. Na juye ta cikin buhu. Na ce bari albashi ya zo, in cika ƙwaryar nan har ta yi tozo, in nuna mata ni 'yar gidan mutunci ce.

Sau ɗaya na hango ta a kasuwa, a gindin tsamiyar da masu nono ke zama. Ta rame, wuyanta ya ƙara tsawo. Na yi maza na shige layin masu tukwane. Ina jin ta gan ni, don daidai lokacin ta sunkuyar da kai tana juya ludayi a nonon da ba wanda ya ce a zuba masa.

Sai da damina ta sauka aka biya mu wani abu. Washegari na hau mota zuwa Tudun Wada, na yi layi, na yi rigima da wata mata a kan wuri, na samo sukari da sabulu da gishiri, na ƙara da sabon ɗankwali mai ruwan ganye. Ƙwaryar ba ta ɗauke su ba, sai da na ɗaure da tsumma. Ranar Asabar da hantsi na goya 'yata, na ɗora kaya a ka, na nufi yamma ina tambayar hanya. A hanyar ne na tuna ban taɓa taka rugar nan ba, shekara biyu tana gayyata ta. Ina tafe ina shirya abin da zan ce. Na yanke shawarar da tsokana zan fara, in ce na zo biyan kuɗin makarantar bakina.

Na tarar da fili. Ga da'irar inda bukkoki suka tsaya, ga duwatsun murhu da baƙin hayaƙi, ga turaku a kafe ba igiya, ciyawa ta fara tsirowa a kan tarin taki. Wani mutum yana shuka a gonar da ke baya. Na gaishe shi na tambaya. Ya ce sun tashi kwana goma ke nan, shanunsu ne suka yi ta faɗuwa tun bazara, suka bar masa aron gonar suka yi kudu. Ya ji an ce sun wuce Doguwa, daga nan bai sani ba. Ya dubi kayan da ke kaina ya tambaya ko saƙo ne. Na ce a'a.

Ban san yadda na dawo gida ba. Na sauke ƙwaryar a tsakar gida na zauna a ƙasa kusa da ita, da goyona da komai. Iya ta dube ni, ta dubi kayan. Na ce, "Iya, su Goggo sun tashi." Ta ce ta sani. Ta shiga ɗakinta ta fito da faifan nan mai zanen ja da baƙi, ta ajiye a cinyata.

Ta ce ana gobe za su tashi Goggo ta zo, da hantsi, lokacin da ta tabbata ina makaranta. Ba ta zauna ba. Na ce kwana goma faifan nan yana ɗakinki ba ki faɗa min ba? Ta ce ni na hana ta yi min maganar, kuma Goggo ma ta ce kada a ba ni sai ranar da na ambace ta da bakina.

"Me ta ce?"

"Ta ce, ki faɗa wa 'yata ƙwaryar nan tun ranar da na bar ta tata ce, na ba ta. Ni ce na yi mantuwa na tafi da faifan."

Ko a nan ma ba ta bar ni da abin kunya ba. Ta mayar da ƙwaryar da na riƙe kyauta, ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta, ta tafi. Na kwance tsumman na kwashe kayan, na kifa faifan a kan ƙwaryar, ya zauna daidai bakinta. Na miƙa wa Iya sabulu ɗaya da ɗankwalin. Ta karɓa ta ce Allah ya yi albarka, ta ɗaura shi nan take, ba ta shiga lalube a ɗaki ba.

Mijina ya dawo bayan shekara guda, daga baya aka mayar da ni Dangora, na yi shekaru a can. Duk kasuwar da na shiga, a Ƙafin Maiyaki ko a Kiru, sai na zaga wajen masu nono na duba fuskoki. Na sha tambaya, amma me zan ce? Ban san sunanta na yanka ba, ban san na maigidanta ba, don ba ta taɓa faɗa ba. In na ce wata Goggo doguwa daga yamma da Burumburum sai su yi dariya, su ce kowace ruga da Goggonta.

Amma ranar kasuwar da ta biyo bayan Asabar ɗin nan ita ce ta fi zauna min. Ina da sukari, ina da gishiri, ina da duk abin da na ce sai da shi. Ban koma aji ba. Da aka kira la'asar na share rumfa, na shimfiɗa tabarma, na ɗebo ruwan randa a moɗa na ajiye. 'Yata tana ta zuwa bakin zaure tana leƙawa tana dawowa. Masu nono suka wuce ta ƙofar gida a jere, suna magana da yarensu, ba wadda ta yi sallama. Na zauna har inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sannan na tashi na mayar da ruwan cikin randa.